'Yan sandan jiha ko na tarayya: abin dubawa kafin ka ce wa wakilinka "e" ko "a'a"

A ranar 26 ga Nuwamban 2025, kwana tara bayan an kwashe 'yan mata 25 daga makarantar kwana ta Maga a jihar Kebbi, kwana biyar kuma bayan an kwashe ɗaruruwan yara a Papiri ta jihar Neja, Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan tsaro. Ya ce a ƙara ɗaukar 'yan sanda 20,000 a kan waɗanda aka riga aka amince da su, su cika 50,000. Ya ce a tura dakarun tsaron daji. Ya kuma jaddada umarninsa na janye 'yan sandan da ke gadin manyan mutane. Duk waɗannan shugaban ƙasa yana iya zartar da su da alƙalaminsa. Abu ɗaya ne a jawabin da ba zai yiwu ba sai da hannun wakilanmu: ya nemi Majalisar Tarayya ta gyara doka domin duk jihar da ke son 'yan sanda na kanta ta kafa.

A wurin APC alkawarin ya daɗe. Yana cikin manufofin da ta yi yaƙin zaɓen 2015 da su, kwamitin da Malam Nasiru El-Rufai ya jagoranta kuma ya sake kawo shawarar a Janairun 2018. Marigayi Muhammadu Buhari ne bai taɓa gamsuwa ba, har a wata hira da aka yi da shi a Janairun 2022 ya fito fili ya ce wannan ba mafita ba ce. Tinubu kuwa ya tara gwamnoni a Fabrairun 2024 suka amince a duba batun, a watan nan kuma ƙudurin da mataimakin kakakin majalisar wakilai, Benjamin Kalu, ya jagoranta ya tsallake karatu na biyu. Gwamnonin Arewa, waɗanda a 2012 suka tsaya kai da fata suka ƙi, sun juya tun a 2022, kuma sun sake nanata goyon bayansu a taron Kaduna na farkon Disamban 2025.

Dalilin da ya sa ra'ayin talaka yake da amfani a nan shi ne hanyar da gyaran zai bi. Sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya, ba kuma za a kafa wata ba. Canza wannan yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa da ta wakilai, sannan majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 su amince. Bayan haka ma kowace jiha sai ta yi tata dokar. Ke nan ɗan majalisar da ka zaɓa daga mazaɓarka zai ɗaga hannu a kan wannan magana, wataƙila fiye da sau ɗaya.

Abin da ke hannunmu yanzu

Adadin 'yan sandan Najeriya da aka daɗe ana ambata bai wuce kimanin 370,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Wato ɗan sanda ɗaya ga mutum wajen 600, in da duk suna bakin aikin jama'a. Amma ba su nan duka. A 2018 shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda na lokacin, Mike Okiro, wanda kuma tsohon Sufeto Janar ne, ya ce sama da 150,000 suna biye da manyan mutane. Ragowar akasari a birane suke. Duk wanda ya san ƙauyukan Zurmi ko Batsari ko Sabon Birni ya san akwai gundumomin da za ka yi tafiyar yini a kan babur ba ka ga caji ofis ba, in ka samu kuma za ka tarar da mutum kaɗan, mota ɗaya, sau da yawa babu mai a cikinta.

Matsala ta biyu ita ce wa ke ba da umarni. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa, amma sashe na 215 ya ba kwamishinan 'yan sanda damar cewa a miƙa umarnin gwamna ga shugaban ƙasa ko ministansa kafin ya aiwatar. Kwamishina ba gwamna ne ya naɗa shi ba, ba shi ke ƙara masa girma ba, ba shi zai ɗauke shi ba. A 2018 Abdul'aziz Yari, yana gwamnan Zamfara, ya ce ya ajiye wannan muƙami na babban jami'in tsaro tunda suna ne kawai. A 2025 Dauda Lawal, daga wata jam'iyyar daban, ya yi irin wannan kuka, har ya ce da jami'an tsaro suna karɓar umarni daga wurinsa da ya gama da 'yan bindiga cikin wata biyu. Mutum yana iya ganin akwai cika baki a wannan magana, ni ma ina ganin haka, amma koken na gaskiya ne. Bayan harin Maga, gwamnan Kebbi Nasir Idris ya fito yana tambayar wanda ya ba da umarnin janye sojojin da aka ajiye a makarantar kafin maharan su iso. Gwamna ne yake wannan tambaya a kan abin da ya faru a jiharsa. An ga irinta a Dapchi a 2018, inda soja da 'yan sanda suka yi ta ɗora wa juna laifi bayan an tafi da 'yan mata 110.

Wannan shi ne babban lahanin tsarin tarayya: in abu ya ɓaci, babu wanda talaka zai kama. Gwamna ya ce ba ni da iko, Abuja ta ce gwamna ba ya ba da haɗin kai, gawa kuma tana kwance.

Inda na jiha za su fi

Aikin ɗan sanda rabinsa sanin mutane ne. Ɗan sandan da aka haifa a Faskari ya san wane saurayi ne ya sayi sabon babur alhali ba shi da sana'a, ya san wa ke sayen burodi da katin waya da fetur a jarka fiye da buƙatar gidansa, ya san hanyar da ta ɓulle daga bayan gari zuwa dajin Rugu. Wanda aka turo daga nesa, bai jin Hausa balle Fulatanci, kuma ya san ana iya ɗauke shi gobe, ba zai san wannan ba ko da yana da niyya. Garkuwa da mutane kuwa ba ta yiwuwa sai da infoma a cikin gari, maganin infoma kuma sai ɗan gari.

Maiduguri ta nuna haka a 2013. Sojoji sun yi shekaru suna fafatawa da Boko Haram a cikin unguwanni ba tare da sun iya bambance ɗan ƙungiya da ɗan unguwa ba, abin da ya jawo kame-kame da kashe-kashen da suka ƙara raba jama'a da gwamnati. Da matasan Kato da Gora suka tashi suna nuna su ɗaya bayan ɗaya, cikin watanni ƙungiyar ta bar birnin ta koma daji. Sanin fuskoki ne ya yi wannan aiki.

Akwai kuma wata hujja da nake ganin ta fi duk sauran nauyi, ko da yake ba a cika kawo ta ba. Jihohi sun riga sun kafa dakarunsu. Kudu maso Yamma tana da Amotekun tun 2020. Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun tsaron al'umma kusan 1,500 a Oktoban 2023, Zamfara ta yaye Askarawa sama da 2,600 a Janairun 2024, Sakkwato ta biyo baya a wannan shekarar. Kano tana da Hisba a ƙarƙashin doka tun 2003. A ƙasa da waɗannan akwai 'yan banga da 'yan sa-kai da mafarauta da ba wanda ya san adadinsu. Duk suna kama mutane, wasunsu suna riƙe da bindiga, wasu suna mutuwa a bakin daga, amma babu tsarin horo na ƙasa da ya haɗa su, babu cikakken ikon bincike da gurfanarwa, babu kuma tsayayyar hukumar da mutum zai kai ƙara in sun zalunce shi. Manyan bindigogi ma doka ta bar lasisinsu a hannun shugaban ƙasa, shi ya sa ake tura su da bindigar harbi-ka-ruga su tunkari masu AK-47. Saboda haka wanda ya ce "a'a" ga 'yan sandan jiha ya sani bai hana gwamna mallakar dakaru ba. Ya dai bar su yadda suke, rabi a cikin doka rabi a waje.

Abin da 'yan doka suka bari a zukata

Masu tsoron 'yan sandan jiha ba mafarki suke yi ba, domin Arewa ta taɓa gwadawa. Kafin juyin mulkin 1966, kowace En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, tana da 'yan dokarta, da kotun alƙali, da gidan yari, duk a ƙarƙashin sarki, sarakuna kuma suna tare da jam'iyyar NPC mai mulki. 'Yan jam'iyyar adawa ta NEPU ne suka ɗanɗana kuɗarsu. A hana su izinin lacca, in sun yi a kama su da laifin taro ba izini ko zagin sarki, a kai su gaban alƙali da safe, kafin azahar an yanke musu wata uku ko shida. Hajiya Gambo Sawaba ita kaɗai an ɗaure ta har sau 16. A Yammacin ƙasar ma 'yan sandan ƙananan hukumomi haka suka yi wa 'yan adawa. Tun a 1958 hukumar Willink, wadda Turawa suka kafa don sauraron koken ƙananan ƙabilu, ta ba da shawarar a bar babbar rundunar a hannun tarayya saboda irin wannan tsoro. Da soja suka karɓi mulki suka kafa kwamiti a 1966, daga baya aka haɗe 'yan doka cikin rundunar tarayya.

Za a ce wannan tsohon zance ne, gwamnonin yanzu zaɓaɓɓu ne. To, mu duba abin da suka yi da ikon da ke hannunsu a yau. Tsarin mulki ya ba kowace jiha hukumar zaɓenta mai gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi. Sakamakon kusan ɗaya ne a ko'ina: jam'iyyar gwamna ta lashe dukkan shugabanni da kusan dukkan kansiloli, APC ce ko PDP ko NNPP ko APGA. Kuɗin ƙananan hukumomi kuma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye, aiwatarwar ma sai jan ƙafa ake yi. Majalisun dokokin jihohi, waɗanda ya kamata su taka wa gwamna birki, mafi yawansu 'yan amshin shata ne. Ga kuma tarihin bangar siyasa: Kalare a Gombe, Sara-Suka a Bauchi, 'yan daba a Kano, ECOMOG a Barno. Ɗan siyasar da ya ɗauki nauyin irin waɗannan yara da kuɗin aljihunsa, me zai hana shi saka musu kaki in an ba shi damar ɗaukar mutum dubu goma a kan albashin gwamnati?

Sai dai gaskiya ta sa a faɗi ɗaya ɓangaren. 'Yan sandan tarayya ma ba su tsira daga siyasa ba. A Yulin 2003 tawagar 'yan sanda a ƙarƙashin wani mataimakin Sufeto Janar ta tsare gwamna mai ci, Chris Ngige na Anambara. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta sa jami'an shige da fice suka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Barno, suka tsallaka da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Rikicin masarautar Kano na Mayun 2024 kuwa kowane ɓangare yana iya kafa hujja da shi. Gwamna ya ba da umarnin kama Alhaji Aminu Ado Bayero, sarkin da gwamnatinsa ta sauke, 'yan sanda ba su aiwatar ba. Magoya bayan gwamna suka ce ga shi nan, Abuja ce ke mulkin Kano. Ɗaya ɓangaren suka ce da gwamna yana da rundunarsa, da an wayi gari da runduna biyu masu bindiga suna fuskantar juna tsakanin Gidan Rumfa da Nasarawa. Duka biyun suna da abin kamawa.

Bambancin da nake gani shi ne na kusanci. Zaluncin Abuja yakan sauka a kan gwamna da manyan 'yan adawa, jaridu su ɗauka, lauyoyi su taru. Zaluncin gwamna yana isa har ga malamin makarantar da ya yi rubutu a Facebook, da ɗan kasuwar da ya ƙi sauya sheƙa, kuma ba mai ji.

Baƙo da makiyayi

Wannan ne wurin da ya kamata Bahaushe ya fi tsayawa, domin mu mutane ne masu tafiya. Muna Sabo a Ibadan, muna Mile 12 da Agege a Legas, muna kasuwannin shanu na Kudu maso Gabas, muna dako da acaba da gadi da sayar da gwari a kowane lungu. A ƙasar da takardar shaidar asalin jiha ke yanke wanda zai samu aikin gwamnati, rundunar jiha za ta zama ta 'yan asalin jihar ce zalla. Ranar da rikici ya tashi, kamar na kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, wa zai tsaya tsakanin baƙo da mai gari?

A Maris na 2025 'yan banga suka tare wata mota a Uromi ta jihar Edo, aka kashe mafarauta 16, akasarinsu 'yan Kano, suna hanyar komawa gida yin Sallah. Waɗanda suka tare su ba 'yan sandan jiha ba ne, kuma mai goyon baya yana iya cewa da horarru ne masu lamba da shugaba da abin bai kai haka ba. Haka ne, in an horar da su kuma an gauraya su. In kuwa waɗannan 'yan bangar ne aka ba kaki, abin da aka ƙara musu shi ne ikon doka.

Bai kamata kuma mu kalli Kudu kaɗai ba. Bahaushen Jos ta Arewa yana da wannan fargaba game da rundunar Filato. Kiristan Tudun Wada ko Zuru ko Tafawa Ɓalewa yana da irinta game da tasa jihar, shi ma tsoronsa halal ne. Bafulatanin daji kuwa ya fi kowa dalili. Rikicin Zamfara bai kai inda ya kai ba sai da 'yan sa-kai suka riƙa kama Fulani a kasuwanni suna yanke musu hukunci nan take, mai laifi da marar laifi. A Oktoban 2021 an kashe mutum 11 a kasuwar Mamande ta jihar Sakkwato a irin wannan farmaki, bayan kwanaki kaɗan 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe sama da 40. Rundunar jihar da za a ɗebo daga ƙauyukan manoma kaɗai, babu ɗan rugga ko ɗaya a cikinta, za ta shiga wannan rikici ne a matsayin ɓangare, ba mai raba faɗa ba.

Wa zai biya?

A ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta 2023, Legas ta tara sama da naira biliyan 800 a matsayin kuɗin shigarta na cikin gida. Kebbi da Yobe da Taraba kowacce ba ta kai biliyan 12 ba. Yi lissafi da kanka: 'yan sanda 10,000 a kan albashin naira 100,000 a wata, biliyan 12 ke nan a shekara, ba a sayi mota ko harsashi ko kaki ba, ba a gina bariki ba, ba a yi maganar fansho ba. Jihar Neja, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 76,000, ta ninka Legas fiye da sau 20 a girman ƙasa. Wato jihohin da suka fi buƙatar 'yan sanda su ne suka fi rashin abin biya.

Gaskiya ne kason jihohi daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafin mai a 2023. Amma ba a manta da 2016 ba, lokacin da Buhari da kansa ya ce jihohi 27 suna fama da biyan albashi. Malamin makaranta in an yi wata shida ba a biya shi ba yajin aiki zai tafi. Mai bindiga kuwa shingen hanya zai kafa, ko ya yi hayar bindigar. A tsarin rabon kuɗi na yanzu tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. In an sauke wa jihohi nauyin 'yan sanda ba tare da an taɓa wannan rabo ba, an shirya faɗuwa tun kafin a fara.

Abin da ba za su iya ba

Kada wani ya yaudare mu cewa 'yan sandan jiha za su gama da ta'addanci. Dajin Kamuku da Kuyambana da Rugu sun ratsa Kaduna da Neja da Zamfara da Katsina, ɗan bindiga kuma ba ya tsayawa a kan iyakar jiha. Lakurawa, waɗanda kotu ta ayyana 'yan ta'adda a Janairun 2025, ta iyakar Nijar suke shige da fice a yankin Tangaza da Gudu da arewacin Kebbi. Iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma tsaronta aikin soja ne da kwastan da hukumar shige da fice, duk na tarayya. Aikin ya ƙara wuya tun da dangantaka ta yi tsami bayan juyin mulkin Yamai na 2023, Nijar ta fice daga ECOWAS, ta kuma janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a 2025. Bin sawun kuɗin fansa, da fasa-ƙwaurin makamai, da haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, babu jihar da za ta iya su ita kaɗai. Abin da rundunar jiha za ta iya shi ne tattara bayanai, kai ɗauki da wuri, riƙe garin da soja suka kwato, da ƙananan laifuka irin su ƙwacen waya da faɗan daba da satar shanu tun ba ta zama yaƙi ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma iyakarsa ke nan.

Ƙasashe biyu sun ishe mu misali. A Indiya 'yan sanda na jihohi ne, amma manyan hafsoshinsu gwamnatin tsakiya ce ke ɗaukarsu ta jarrabawa ɗaya, ta horar da su wuri ɗaya, sannan ta rarraba su, da yawansu zuwa jihohin da ba nasu ba. Duk da haka sai da Kotun Ƙolin ƙasar ta ba da umarni a 2006 cewa a ba shugaban 'yan sandan jiha wa'adin aƙalla shekara biyu, a kuma kafa hukumomin karɓar koke, saboda yadda 'yan siyasa ke juya su. Habasha kuwa ta bar yankunanta, waɗanda aka yanka bisa ƙabila, suka gina dakaru na musamman har suka zama kamar sojoji. An ga rawar da suka taka a yaƙin Tigray da ya ɓarke a Nuwamban 2020, kuma da gwamnatin tarayya ta ce za ta rusa su a Afrilun 2023 sai yankin Amhara ya kama da wuta. Bindigar da ka raba, karɓo ta ya fi rabawar wuya.

Akwai masu cewa a bi ta tsakiya: a bar rundunar ɗaya, amma a ɗauki ƙananan 'yan sanda daga ƙaramar hukumarsu a bar su a can, a ba gwamnoni baki a zaɓen kwamishina, a farfaɗo da majalisar 'yan sanda ta ƙasa wadda gwamnoni 36 duk membobinta ne. Shawara ce mai kyau kuma ba ta da haɗari sosai. Damuwata da ita ita ce an riga an gwada kusa da haka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi aikin ɗan sanda na cikin al'umma, an ware naira biliyan 13 a wannan shekarar don fara shi, kuma mutumin ƙauye bai ga canji ba.

Matsayina

Ina goyon bayan 'yan sandan jiha, amma ba a kan kowane rubutu ba. Ina goyon baya ne saboda abin da muke ciki ya riga ya gaza mutanen karkara, kuma dakarun jihohin da ke ƙasa gara a shigo da su cikin doka da a bar su haka. Sharuɗɗan kuwa dole su kasance a cikin kundin tsarin mulki kansa, domin duk abin da aka bar wa majalisar jiha an bar wa gwamna ne.

Na farko, kada gwamna ya iya naɗa kwamishina ko tsige shi shi kaɗai. Sunan ya fito daga hukuma ta ƙasa, a ba shi wa'adi tsayayye, kuma ya zama yana da ikon ƙin umarnin da ya saɓa doka ba tare da ya rasa aikinsa ba. Ɗaukar aiki ya zama na mazauna jiha, ba na masu takardar asali kaɗai ba, da kaso bayyananne ga kowace ƙaramar hukuma da ƙananan ƙabilu da makiyaya. Albashi a cire shi kai tsaye daga asusun tarayya kafin kuɗi su shiga hannun gwamna, kamar yadda tsarin mulki ya tanada wa ɓangaren shari'a, a kuma gyara rabon kuɗin tare da gyaran dokar. A haramta musu aikin zaɓe gaba ɗaya, daga rakiyar akwati har gadin wurin tattara sakamako. Rumbun makamai ya kasance a rajistar tarayya, kowace bindiga da lambarta da sunan mai riƙe da ita. Sannan a rubuta ƙarara yaushe tarayya za ta iya karɓe ragamar rundunar jihar da ta juya wa wani ɓangare na mutanenta baya, da amincewar majalisar dattawa da kuma damar zuwa kotu, don kada wannan ƙofa ita ma ta zama sandar dukan gwamnonin adawa.

Wanda ke zaune a Birnin Gwari ko Isa zai ce duk wannan dogon turanci ne, shi dai a kawo masa mai kare shi yau. Ina fahimtarsa, kuma ba ni da bakin ce masa ya yi haƙuri. Amma ya tuna majalisar jiha ba ta da ikon gyara ko da kalma ɗaya a ƙudurin gyaran tsarin mulki da aka aiko mata daga Abuja. "E" ko "a'a" kawai take cewa. Don haka sanata da ɗan majalisar wakilai su ne za a tambaya ko waɗannan sharuɗɗa suna cikin rubutun, sashe nawa, layi na nawa. Ɗan majalisar jiha kuma a riƙe shi a kan dokar da jiharsa za ta yi daga baya: su wa za su zauna a hukumar ɗaukar aiki, ina mutum zai kai ƙara in an tsare ɗansa ba bisa ƙa'ida ba, kuma me za a yi da askarawa da 'yan sa-kai da ke ƙasa yanzu, waɗanda za a tantance a ɗauka da waɗanda za a karɓe makamansu a sallama.